Saƙar Inji: A Baki Ake Gane Gwana

Da zarar damina ta ɗauke ƙafa, iska ta fara kaɗowa daga gabas da ƙura a bakinta, akwai wata ƙara da ke dawowa lungunan Kano da Zariya da Kaduna da Jos. In ka gifta ta ƙofar wani gida da hantsi, bayan yara sun tafi makaranta, za ka jiyo ta daga tsakar gida: ƙarrr, ƙarrr, dama da hagu, kamar mai zuge dogon zif yana mayarwa. Injin saƙa ke nan. Matar gida ta ɗaure shi a bakin tebur, ta jawo kujera, tana tura kansa da hannu ɗaya. Ba ruwansa da wutar lantarki. Abincinsa zare ne da ɗigon man keke, don haka a kawo wuta ko a ɗauke, aiki na tafiya.

Wanda ya tsaya kallo zai ga saƙa tana saukowa kamar taliya daga injin murzawa. Kafin ruwan shayi ya tafasa a sha, an gama bayan rigar jariri. Sai ya ce a ransa, wannan ai sana'ar hutu ce. In ya ƙara haƙuri kuwa zai lura ƙarar takan yanke, ta daɗe ba ta dawo ba. A lokacin mai saƙa ta sunkuya, ta matso da fuska dab da allurai, tana tsintar zare ɗaya bayan ɗaya da wani ɗan ƙarfe da bai fi tsinken tsire ba. Baki take haɗawa: bakin riga, bakin hannu, wuya, gefen shawul. Jikin riga, duk wadda ta yi mako guda tana tura inji za ta saƙa shi. Baki shi ke cin lokaci da ido, kuma da shi ake bambanta gwana da 'yar koyo.

Matanmu ba baƙin wannan hukunci ba ne. Mace in ta ɗauki turmin atamfa a Kantin Kwari, kafin ta tambayi kuɗi sai ta juya ta duba bakin, domin a nan ake buga sunan kamfani, a nan ake gane ta ƙwarai da jabu. Haka take yi wa rigar sanyin jariri. Ta kama bakin hannu ta ja, ta saki, ta ga ko zai koma yadda yake.

Injin da 'yan kayansa

Injin da ya fi yawa a gidaje dogon faranti ne na ƙarfe, tsawonsa wajen mita ɗaya, an jera masa allurai 200 a kwance, tsakanin kowace da 'yar'uwarta milimita 4.5. Allurar ba irin ta ɗinki ba ce. Bakinta a lanƙwashe yake kamar ƙugiya, da wani ɗan harshe mai buɗewa da rufewa. In aka tura kan injin, wato wannan abu mai mariƙi da ya yi kama da dutsen guga, sai ya turo allurai gaba ɗaya bayan ɗaya, kowace ta cafki sabon zare ta ja baya, harshen ya rufe, tsohon madauki ya zame ta kansa. Turawa ɗaya, layi ɗaya. Akwai ɗan agogo mai ƙirga layuka, sannan a jikin kan injin akwai lamba mai juyawa daga 0 zuwa 10: ƙaramar lamba saƙa ta matse, babba ta saki. Rabin dabarun baki a wannan lamba suke.

Akwai kuma mai manyan allurai, mai tazarar milimita 9, na zare mai kauri. Sunayen da aka saba gani a jikin injunan su ne Brother da Silver Reed da Singer da Toyota, sai Passap na ƙasar Siwizalan jefi-jefi. Kamfanin Brother na birnin Nagoya a Japan ya fara ƙera injin saƙa na gida a 1954, ya daina tun da daɗewa. Duk Brother na asali da ke ƙara a wani gida yau ya haura shekara 20 a duniya, wani ma ya girmi mai tura shi. Sababbin da ake samu yawanci ƙirar China ne, an kwaikwayi tsofaffin.

Cikin akwatin injin akwai 'yan kayan da aikin baki ba ya yiwuwa sai da su: dogon mataji na ƙarfe da ake ratayawa ya ja saƙa ƙasa, ƙarafan nauyi masu farata, 'yan ƙarafa masu ido ɗaya ko biyu ko uku na kwasar madauki daga wannan allura zuwa waccan, ƙugiya mai harshe irin na allurar injin, da wata igiyar nailan mai santsi. Wasu injunan suna karɓar kati mai huje-huje da ke zaɓar allurai da kansa, yana maimaita zane bayan kowace allura 24.

Zaren kuwa ulu muke ce masa, amma yawancinsa bai taɓa ganin tunkiya ba. Daga sinadaran man fetur ake yin sa. Ya fi araha, yana jure wanki, kuma ba ya sosa fatar jariri kamar gashin tunkiya na gaske. Kafin a ɗaura shi sai an sake naɗe ƙullin da abin naɗi, don ya riƙa fitowa ba tare da cijewa ba. Zaren da ya cije a tsakiyar layi yakan bar matsattsen wuri, kuma a baki irin wannan ya fi fitowa fili.

Ciwon gado

Ki saƙa ƙyalle layi bayan layi ba wata dabara, ki cire ki ajiye a kan tabarma. Ba zai kwanta ba. Sama da ƙasa su naɗo ta fuska, gefe da gefe su naɗe ta baya, kamar ganda a wuta. Dalili shi ne madaukan duka fuska ɗaya suke kallo, kowane yana ja ta ɓangare guda. A tsakiyar ƙyalle maƙwabta na riƙe juna, a baki kuwa babu mai riƙewa.

Ciwon nan tsoho ne. A 1589 wani Bature mai suna William Lee, a ƙauyen Calverton kusa da Nottingham a Ingila, ya ƙera injin saƙa na farko don saƙa safa. Saƙa mai fuska ɗaya kaɗai injinsa ya iya. Sai a 1759 Jedediah Strutt na Derby ya yi rajistar wani ƙari mai jerin allurai na biyu, wanda ke juya wasu madaukan su kalli baya, a samu saƙa mai tudu da kwari kamar kunyoyin gona, mai miƙewa ta koma, mai kwanciya da kanta. Shekara 170 aka yi kafin a kai ga haka. Injin gida na yau, in ba a sayo masa irin wannan ƙari ba, yana nan inda William Lee ya tsaya. Abin da ya rage sai hannu da wayo.

Kalmasa da 'ya'yanta

Dabara ta farko da ake koya wa kowa ita ce kalmasa, 'yar'uwar wadda tela ke yi wa bakin zane, sai dai wannan a kan injin ake rufe ta, ba ɗinki. Ana farawa da ragowar zare na wani launi, a yi layi shida ko takwas, a sa layi ɗaya na igiyar nailan, sannan a ɗaura zaren aiki. A ce kalmasa mai layi goma ake so. Sai a rage lamba da ɗaya a saƙa goma, a ƙara lamba a yi layi ɗaya sakakke inda ninkin zai karye, a dawo a sake yin goma. Daga nan ƙara ta yanke. Mai saƙa ta ɗauki ƙarfe mai ido, ta bi layin farko na zaren aiki, tana ɗauko madaukansa ɗaya-ɗaya tana rataya kowane a allurar da ke daidai da shi. In riga mai allura 80 ce, sau 80 za ta yi. Sannan ta saki lamba ta tura kai sau ɗaya, domin yanzu kowace allura kaya biyu take ɗauke da su. Da ta zare igiyar nailan, ragowar zaren ya faɗi, sai ga baki mai ninki biyu, sumul.

A nan 'yar koyo ke yin tuntuɓe. In ta tsallake madauki ɗaya ba ta lura ba, duk na bayansa sun goce, kalmasar ta murɗe kamar ƙafar wandon da aka yanka a karkace. In ta bar ɓarin ciki ya fi na waje saki, bakin ya riƙa ɗagowa yana leƙen jama'a. In ta manta ba ta saki lamba a layin haɗi ba, sai a ga wani zane ya ratsa rigar kamar an ɗaure ta da igiya.

Daga kalmasa aka samu bakin da iyaye mata suka fi so a kayan jarirai, mai tsini-tsini kamar haƙoran zarto. Sirrinsa a layin ninki yake. Maimakon layi sakakke, sai a kwashe madauki daga kowace allura ta biyu a ɗora wa maƙwabciyarta, a bar wadda aka kwashe wa a cikin sahu ba komai a bakinta. In kai ya wuce ta kama sabon zare, sai ga jerin ƙananan ƙofofi. Da an ninke a kansu, kowace ƙofa ta zama giɓi, abin da ke tsakani ya zama haƙori. Mai son ƙarin ado takan canza launi layi biyu kafin ƙofofin da layi biyu bayansu, sai fararen haƙora su fito a bakin riga mai ruwan hoda. Wasu injunan Brother suna zuwa da kai na biyu, na saƙar leshi, mai yin wannan kwasa da turawa ɗaya. Wadda ba ta da shi, ita da yatsunta.

Irin wannan jerin ƙofofi, in ba a ninke shi ba, shi ne mazargin da ake zura ribon a wuyan safa ko ƙugun rigar mace.

Roba uku

Bakin hannu da ƙugun riga suna bukatar abin da zai kama jiki kada iska ta shiga. Masu saye roba suke ce masa, ko da yake ba roba ko ƙwaya a ciki, saƙar ce ke miƙewa ta koma. Hanya uku ake bi, kowace da kuɗinta.

Ta farko ta mai sauri ce. A mayar da kowace allura ta biyu ko ta uku baya ta huta, a matse lamba da kamar uku, a saƙa ninki biyu na tsawon da ake so, a kalmashe, a rataya madaukan farko a kan alluran da suka huta. In aka ja shi ta tsawo aka ba shi ɗan tururi, giɓin ya matse, daga nesa sai ka rantse roba ce. Ranar suna tana fitowa fes. In ta sha wanki kuwa takan saki baki, hannun riga ya koma kamar na buhu. Ta yaro kyau take, ba ta ƙarko.

Ta biyu ta mai haƙuri ce. Bayan an saƙa layukan, sai a saki madauki ɗaya daga allura da gangan, a bar shi ya warware har ƙasa kamar tsani. A sa ƙugiya mai harshe a kamo shi daga gindi, a hau da shi mataki-mataki, a mayar da shi kan allurarsa. Yanzu ya juya fuska. A tsallake ɗaya ko biyu, a saki na gaba. Wannan roba ce ta gaske, amma bakin riga ɗaya kan ci lokacin da ya fi na saƙa jikin gaba ɗaya.

Ta uku ita ce jikar dabarar Strutt: faranti na biyu mai nasa alluran, ana ɗaura shi a gaban na farko su fuskanci juna, kai ya bi ta tsakaninsu yana saƙa fuska biyu lokaci guda. Kuɗinsa wani jari ne daban, kuma yana da saurin fushi. In farantan biyu ba su daidaita ba, ko nauyin da aka rataya bai isa ba, sai ya riƙa zubar da madaukai a gefe. Duk da haka masu kwangilar rigunan makaranta ba sa rabuwa da shi, domin wadda za ta yi riga hamsin ba za ta hau tsani da ƙugiya ba.

Shawul da wuya

Shawul ya fi kowane kaya baki, gefe huɗu da kusurwa huɗu, kuma shi 'yan barka ke fara gani in an miƙo musu jariri. Ana iya fara shi da baki mai kama da jerin rabin wata. A turo kowace allura ta shida gaba can, inda kai zai wuce ta bai saƙa ta ba, a yi layi huɗu zare na taruwa a kanta, sannan a sake ta ta haɗiye su gaba ɗaya. Inda ta tattaro, baki ya ɗage, tsakani ya sauko.

Wani bakin kuma sai an cire shawul daga inji ake yi masa. A rataya madauki uku na gefensa a allura uku, a saƙa layi takwas a kansu kaɗai, a ɗauko uku na gaba a ɗora a kan alluran nan dai, a sake takwas. Haka har a zagayo. Abin da ke fitowa kamar tufkakkiyar igiya yake, yana da nauyin da ke danne gefe ya hana shi naɗewa. In kewayen shawul madauki 600 ne, sau 200 ke nan za a ɗauka a rataya. A kusurwa kuma sai an maimaita a wuri guda, in ba haka ba ta tattare ta zama ƙoƙo. Wasu sukan ajiye injin su ɗauki kwarashi su zagaye gefen da hannu, wasu su sa geza. Hula ita ma a yi mata tuntu.

Wuya shi ne jarrabawar ƙarshe. Kan jariri sabon haihuwa kewayensa wajen santimita 35 ne, babba ne ƙwarai in aka gwada shi da sauran jiki. Riga ta yi kyau iya kyau, in an rufe wuyanta a matse, mai jego ta tura kai ya ƙi shiga, yaro na tsala ihu, to ta ninke ta ke nan ta jefa ƙasan akwati, kuma ba za ta sake aiko da aiki ba. Shi ya sa gwana ke yin wuya mai ninki biyu, ta bar madaukan ƙarshe a buɗe, ta bi su da allurar hannu ɗaya-ɗaya tana ɗinkewa a jikin riga don su riƙa miƙewa. Ko kuma ta tsaga kafaɗa ɗaya ta sa maɓalli biyu. A rigar makaranta mai wuya mai tsini, ido kan tsinin yake zuwa. Ratsin launin makaranta da ya taho daga dama dole ya haɗu da na hagu daidai a tsakiya, in ya goce ko da layi ɗaya, daga nesa ake hango shi.

Akwai abin da ya wuce ado a nan. Igiyar ɗaure hula da safa, wadda ake saƙawa a kan allura uku ko huɗu, ba a yin ta da tsawo, domin doguwar igiya kusa da wuyan jariri haɗari ce. Zaren da aka bari yana lilo cikin safa kan iya naɗe ɗan yatsan ƙafa ya shaƙe shi, uwa ba ta sani ba. Maɓalli da duwatsun ado kuma, in ba a ɗinke su tamau ba, bakin yaro za su ƙare.

Guga da kula da inji

An gama saƙa, an haɗa, saura guga, kuma nan ma ana asarar aikin yini cikin ƙiftawar ido. Zaren nan na man fetur ba ya shiri da zafi. In dutsen guga ya sauka a kansa kai tsaye, ya mutu: ya yi laushi, ya yi sheƙi, ya miƙe ba zai sake komawa ba. A shawul wasu kan so haka, don ya zuba kamar mayafi. A roba kuwa ɓarna ce da ba ta da gyara. Masu sani sukan shimfiɗa jiƙaƙƙen ƙyalle, su riƙe dutsen a sama tururi kaɗai ya ratsa, bakin hannu da ƙugu kuma su bar su ba su taɓa ba.

Hunturun da ke kawo ciniki shi ke wahalar da inji. Ƙura na shiga tsakanin allurai ta haɗu da gashin zare, kai ya yi nauyi. Bushewar iska na sa zare ya tara irin wutar nan da ke tartsatsi in ka cire rigar sanyi cikin duhu, sai ya riƙa mannewa. Maganinsu buroshi, da man keke, da goga wa zare kyandir, da rufe injin da zane in an tashi. Man gyaɗa ba ya cikin lissafi, daskarewa yake yi ya kama ƙura. Akwai kuma wani dogon ƙarfe mai soso a jikinsa da ke kwance cikin farantin yana danne allurai. Zafi da shekaru kan cinye soson, allurai su riƙa tsalle, madaukai su riƙa zubewa. Mata da yawa sun jingine inji a bayan ƙofa suna cewa ya lalace, alhali soson nan kaɗai ke son canji.

Koyo

Da yawa daga cikin manyan matan da ke wannan sana'a a cibiyoyin koyar da mata suka koya, irin waɗanda suka yawaita bayan marigayiya Maryam Babangida ta ƙaddamar da shirin Better Life a 1987, inda ake haɗa ɗinki da saƙa da yin sabulu. Wasu kuma a wurin maƙwabciya ko ƙanwar uwa suka tsinta. Yarinya ba ta fara taɓa inji. Naɗin zare za ta fara, da yin tuntu, da ɗinka maɓalli, da ɓoye jelar zare. Sannan a bar ta ta tura kai. Sai ta daɗe tana saƙa jiki kafin Anti mai koyarwa ta yarda ta ba ta kalmasar kayan mutane, kuma ba abin da za ta fi ji a kunnenta kamar, "Warware ki sake."

Abu biyu ake gane ɗakin gwana da su. Ɗaya tsohon littafin rubutu da ta cika da lambobi: allura nawa, layi nawa, lamba nawa ga ɗan wata uku, ɗan wata shida, ɗan shekara. Na biyu jakar 'yan gutattaki, kowane da irin bakinsa, da take zazzagewa a gaban mai saye ta ce, "Hajiya, zaɓi wanda kike so."

Kasuwa

Ciniki yana da lokaci. Daga Oktoba zuwa Janairu ba hutu, musamman a wurare irin Jos da ke kan tudun da ya kai mita 1,200, inda sanyi ba wasa ba ne. Makarantu ma a lokacin suke neman rigunan ɗalibai. In bazara ta shigo aiki ya ja baya, sai kayan suna, su kam ba sa yankewa, domin haihuwa ba ta duba kalanda, kuma ba uwar da za ta yarda iska ta taɓa mata jariri ko da Afrilu ne. Aikin suna gudu ne. An haihu yau, gobe gwaggo ta aiko da saƙo, kuma kafin kwana bakwai dole riga da wando da hula da safa da shawul su isa ɗakin mai jego.

Da, dillaliya ce ke yawo da kayan gida-gida. Yanzu hoto a WhatsApp ya raba mata aiki. Wasu kuma sukan kai sari shagunan kayan jarirai a Sabon Gari da sauran kasuwanni, inda mai shago ke matse farashi har ribar ta koma ta zare kawai. A gefe guda ga gwanjo, dila-dila, ga kayan China a leda da kwali, masu araha da ƙyalli. A sauri da araha mai inji ɗaya a tsakar gida ba za ta ja da su ba. Abin da take da shi, awo daidai jikin yaro, launin da ya shiga da atamfar mai jego, da baki mai ƙarko wanda ƙane zai gada daga wa.

Sai dai a nan masu sana'ar ke cutar kansu. In za su yanke kuɗi, zare suke ƙirgawa: ƙulli nawa ya tafi, sai su ɗora ɗan abin sabulu. Sa'o'in da aka yi a sunkuye ana rataya madauki ba sa shiga lissafi, haka ciwon baya da kafaɗa da idon da ke raguwa. Riga mai robar sauri da mai robar ƙugiya zarensu kusan ɗaya ne, amma aikinsu ba ɗaya ba ne. In aka sayar da su kuɗi ɗaya, gobe ba mai hawa tsani, kowa sai ta koma ta sauri. Ana cikin ciniki za ka ji mai saye ta ce, "Haba Anti, a kasuwa fa rabin haka suka ce min." Amsar da ta dace ita ce a miƙa mata rigar a ce, "Hajiya, juya bakin ki gani." Araha ba ta ado.

Ga mai saƙa, ki yanke wa kowane baki kuɗinsa daban, ki faɗa wa mai saye tun kafin ki ɗaura zare, ki nuna mata bambancin da hannunki. Ga mai saye kuma, in hunturu ya ƙarato kika tashi yi wa jariri kayan sanyi, ki juya rigar ciki waje. Ki ja bakin hannu ki saki, ki zura dunƙulen hannunki a wuya, ki laluba cikin safa ko akwai zare mai lilo. In kin samu komai daidai, ki biya kuɗin da aka ce ba tare da dogon ciniki ba.